Dayatomait: Yadda Ake Cinikinsa Tsakanin Ƙasashe da Abin da Ya Kamata Jama'ar Jihar Yobe Su Sani

Daga cikin albarkatun ƙarƙashin ƙasa da Allah Ya hore wa Jihar Yobe, jama'a sun fi sanin kanwa da jibsam da farar ƙasa, domin kuwa kanwa tun kaka da kakanni ake fataucinta, shi kuma jibsam na yankin Fika an daɗe ana lodinsa zuwa masana'antar siminti. Amma akwai wani ma'adinin da ba a cika jin sunansa a kasuwa ba, sai dai a bakin masana da jami'an gwamnati, wato dayatomait, wanda ake samu a Bularafa cikin Ƙaramar Hukumar Gulani. Duk lokacin da aka lissafa ma'adinan jihar nan sai an ambace shi, kuma sau da yawa akan ƙara da cewa ƙasashen waje na nemansa ido rufe. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, amma ba duka ba. An shirya wannan bayani ne domin shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai, da lawanai da bulamai, da kuma manoman da gonakinsu ke kusa da wuraren da ake samun wannan ma'adini, su san yadda cinikinsa yake a duniya kafin wani ya zo musu da takarda yana neman sa hannu.

Mene ne dayatomait?

Idan mutum ya ɗauki dunƙulensa a hannu, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin nauyi. Fari ne ko ruwan toka, yana kama da alli, yana marmashewa a tsakanin yatsu, kuma idan aka ɗiga masa ruwa nan take yake shanyewa. Asalinsa ba dutse ba ne irin na tsauni. Ragowar wasu ƙananan halittu ne na cikin ruwa, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya ganin guda ɗayansu sai da madubin ɗakin gwaje-gwaje. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da ƙoƙo na silika, wato sinadarin da ake samu a yashi da gilashi, kuma ƙoƙon cike yake da ƴan ƙofofi kamar rariya. Idan halittar ta mutu sai ƙoƙon ya nutse zuwa ƙasan tabki ko teku. Haka suke taruwa shekara da shekaru, dubbai ko miliyoyi, har ruwan ya ƙafe ya bar shimfiɗa mai kauri. Mai kyau daga cikinsa yakan ƙunshi silika kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, sauran kuwa yumɓu ne da yashi da ɗan ƙarfe da makamantansu.

Saboda haka duk inda aka ga dayatomait, shaida ce cewa a da can ruwa ne kwance a wurin. Wani abin lura ma shi ne, kusan kowa a ƙasar nan ya taɓa shaƙarsa ba tare da ya sani ba. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda shi ne wuri mafi zurfi na tsohon Tafkin Chadi a zamanin da tafkin ya kai girman ƙaramin teku, kimanin shekaru 7,000 da suka shuɗe. Yanzu wurin ya bushe ƙurmus, kuma ƙasansa dayatomait ne. Da hunturu iska takan kwashe shi ta yi sama da shi, shi ne wani ɓangare na hazon da ke rufe Damaturu da Kano, wani ma har ya ƙetare Tekun Atalantika ya sauka a Kudancin Amurka. Ana iya cewa iska ta riga ƴan kasuwa fitar da wannan haja zuwa ƙetare, sai dai ita ba ta biyan kowa ko kwabo.

Abin da ake yi da shi

A arewacin Jamus an ci karo da shi wajen shekarar 1836 ana haƙar rijiya. A shekarar 1867 Alfred Nobel ya yi rajistar nakiyarsa ta fasa duwatsu, wadda ya haɗa ta hanyar jiƙa wannan gari da ruwan sinadari mai fashewa, don ya zama ana iya ɗaukarsa ba tare da ya tashi da mutane ba. Bayan haka aka ƙera matatar ruwan sha da shi, kuma an yi amfani da irinta lokacin annobar kwalara ta birnin Hambog a 1892.

Tacewar nan ita ce babbar sana'arsa har yau. A Amurka kimanin rabin abin da ake sarrafawa a aikin tacewa yake ƙarewa. Yadda ake yi shi ne, a shimfiɗa garin a kan ƙyalle ko raga a cikin na'ura, sannan a turo ruwan da ake son tacewa ta cikinsa. Ƴan ƙofofin nan sai su riƙe dauɗa su bar ruwan ya wuce garau. Da haka ake tace ruwan rake a masana'antar sukari, da man girki, da ruwan ƴaƴan itatuwa, da magunguna, da ruwan tafkin wanka. Ba za a ɓoye ba, masu yin giya na daga cikin manyan masu sayensa a duniya, kuma wajibi ne duk wanda zai shiga wannan ciniki daga jiharmu ya san da haka tun farko, ya kuma san cewa akwai sauran masu saye da yawa waɗanda ba su ba.

Baya ga tacewa, ana zuba shi a fenti da roba da takarda, ana sa shi a man goge haƙori da man goge ƙarfe, ana yin bulo mai hana zafi fita daga tanderu da shi, ana tsane man da ya zube a masana'anta da shi, ana kuma haɗa shi da siminti. Akwai kuma aikin kare hatsi daga ƙwari, wanda za a yi bayaninsa a gaba domin ya fi shafar manoma.

Su wa ke riƙe da kasuwar?

Abin da duniya duka ke haƙowa a shekara yana tsakanin tan miliyan 2 zuwa 3. Wannan adadi ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da siminti ko jibsam, wato kasuwar ba ta da faɗi, kuma masu ita sun daɗe a cikinta. Amurka ce kan gaba, tana samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku, daga jihohi huɗu: Kalifoniya, Nebada, Oregon da Washinton. Mahaƙar Lompoc da ke Kalifoniya na daga cikin mafi girma a duniya, an fi shekara ɗari ana aiki a cikinta, kuma tun 2005 take hannun kamfanin Imerys na Faransa. Denmak na haƙo wani nau'i mai gauraye da yumɓu a tsibiran Fur da Mors, wanda ya fi dacewa da bulo da aikin tsane ruwa. Sai ƙasar Sin, musamman lardin Jilin, da Turkiyya, da Faransa, da Sifen, da Meksiko, da Peru, da Ajantina, da Japan. A nahiyarmu ta Afirka akwai mahaƙar Sig a Aljeriya, da ta Kariandusi kusa da Gilgil a Kenya.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, mafi yawan dayatomait ba ya tsallake iyakar ƙasar da aka haƙo shi. Ita kanta Amurka, wadda ke samar da fiye da tan 700,000 a shekara, abin da ta fitar waje a kowace shekara daga 2020 zuwa 2023 bai kai tan 100,000 ba. Wanda yake shiga jirgin ruwa kuwa kusan dukkansa sarrafaffe ne, a cikin buhuna masu tambarin kamfani da lambar daraja. Dalilin haka shi ne zuciyar wannan bayani.

Dalilin da ya sa ɗanye ba ya tafiya nesa

Farashin dayatomait ba ɗaya ba ne. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda ke fitar da ƙididdigar ma'adinai duk shekara, ta nuna cewa wanda ake zubawa a siminti yakan kama kimanin dala 10 a kowane tan, alhali wanda aka tsarkake domin ayyuka na musamman, kamar kayan kwalliya da aikin ɗakin gwaje-gwaje, yakan wuce dala 1,000. Na tacewa yana tsakani, ɗaruruwan daloli. Ƙasa ɗaya ce, daga rami ɗaya ma tana iya fitowa, amma tazarar da ke tsakanin farashin ƙasa da na sama ninki ɗari ce. Wannan tazara kuwa aiki ne ya haifar da ita, ba sa'a ba.

Ga yadda aikin yake. Idan aka haƙo shi yakan zo da danshi mai yawa, a wasu mahaƙu ma rabin nauyinsa ruwa ne, don haka sai an shanya an busar. Sannan a niƙa shi a hankali, domin idan aka murƙushe ƙoƙunan nan suka zama ƙura zalla, an kashe amfaninsu na tacewa. Daga nan a sheƙe shi da iska a cikin na'ura, a raba shi da yashi da tsakuwa, kamar dai yadda mata ke sheƙar gero. Wanda aka tsaya da shi a nan shi ake kira na asali. Mataki na biyu shi ne a gasa shi a tanderu mai juyawa a zafin da ke kusa da digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, sai ya koma ruwan hoda, ƙoƙunan su manne da juna, ruwa ya riƙa wucewa da sauri. Mataki na uku a gasa shi tare da tokar soda, sai ya fito fari fat, kuma shi ne ya fi saurin tacewa. Ita tokar sodar nan ƴar'uwar kanwarmu ce, don kuwa daga irin wannan gishiri ake yin ta a Tafkin Magadi na Kenya, amma sai an tace ta a masana'anta tukuna. Ba kanwar kasuwa ake watsawa a tanderu ba.

Sai kuma matsalar sufuri, wadda ta fi kowace tsanani a gare mu. Rashin nauyin da ya ba wannan ma'adini daraja shi ne kuma ke cinye ribarsa a hanya. Buhun da ke ɗaukar kilo 50 na siminti, idan aka cika shi da busasshen garin dayatomait da ƙyar zai ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nauyi. Mota takan cika maƙil alhali ba ta ɗauki nauyin da aka yi ta dominsa ba, shi kuwa direba kuɗin tafiya zai karɓa, ba ruwansa da nauyi. Haka kwantena take a jirgin ruwa. Daga Gulani zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Lekki a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, haka nan zuwa Onne a Jihar Ribas tafiya ce mai nisa. Layin dogon da ya ratsa Buni Yadi zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a 1964, ya daɗe ba ya ɗaukar kaya a wannan ɓangare. Tashoshin tudu na Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023, suna sauƙaƙa aikin takardun kwastan, amma ba su rage tsawon hanya ba. To, duk wanda ya loda ɗanyen dayatomait da danshinsa da yashinsa ya nufi Legas, kuɗin mota kaɗai zai ninka darajar kayan sau da yawa tun kafin a yi maganar jirgi. A can ƙetare kuma zai tarar da na Turkiyya da na Sifen da na Sin, waɗanda mahaƙunsu suka fi kusa da masu saye.

Ko waɗanda suka fi mu sauƙin hanya ba su tsira daga wannan lissafi ba. A ƙasar Aisland an kafa masana'anta a bakin Tafkin Mibatin a shekarun 1960, ana tsotso dayatomait daga ƙasan tafkin, ana busar da shi da tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ana fitar da shi zuwa Turai. Ga makamashi mai araha, ga teku kusa, amma duk da haka an rufe ta a 2004, bayan doguwar muhawara kan illar aikin ga tafkin da kuma matsin kasuwa. Har ila yau akwai abokan hamayya: wani ma'adini mai suna falait yana yin aikin tacewa, kuma manyan masana'antu da dama sun koma tacewa da wata irin fatar roba mai ƙananan ƙofofi wadda ba ta buƙatar gari ko kaɗan.

Abin da mai saye na ƙetare ke tambaya

Babu kamfanin da zai sayi wannan kaya da ganin ido ko da hoto a waya. Abin da zai fara nema shi ne sakamakon gwaji: silika kashi nawa ne, ƙarfe nawa, yumɓu nawa, danshi nawa, kuma da wane sauri ruwa ke ratsa shi. Idan aikin abinci ko magani za a yi da shi, sai an tabbatar da cewa dalma da sinadarin asenik da ke cikinsa ba su wuce ƙa'ida ba. Ƙarfe kaɗan ya isa ya ɓata launi ko ɗanɗanon abin da aka tace, don haka ya isa ya sa a mayar da kaya. Bayan gwaji zai tambayi yawan abin da ke ƙasa da kuma tan nawa za a iya kawo masa kowane wata, shekara bayan shekara, da inganci iri ɗaya. Mai masana'anta ya saita na'urorinsa a kan gari guda, ba zai canza shi ba saboda kwantena ɗaya ko biyu da ba a san ranar zuwan ta uku ba.

A takardun kwastan na duniya ɗanyen dayatomait yana ƙarƙashin lamba 2512, wanda aka gasa da tokar soda yana shiga 3802, bulon da aka yi da shi kuma 6901. Jami'in da ke duba takardar ɗan kasuwa zai iya gane irin kayan da ake magana a kai, da kimanin darajarsa, daga wannan lamba kawai.

Kasuwar da ta fi kusa

A ganinmu, maganar fitarwa zuwa Turai ko Asiya ba ita ce ta farko ba. Nijeriya tana da matatun sukari, da masana'antun man gyaɗa da na waken suya, da na lemon kwalba, da na fenti, da na magunguna, kuma garin tacewa sarrafaffe shigo da shi ake yi daga waje da kuɗin musaya. Nisan da ke hana namu isa teku shi ne kuma ke tsadar da na waje kafin ya iso Kano. Wato a kasuwar Arewa, tsawon hanya yana tare da mu ne, ba gaba yake da mu ba. Bayan wannan akwai maƙwabta, Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda mota ke isa ba sai an nemi jirgi ba, ga kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka wadda ta fara aiki a Janairun 2021. Muna da rana da busasshiyar iska na watanni da dama a shekara, abin da masu mahaƙa a Turai ke ƙona makamashi kafin su samu. Abin da ba mu da shi a wadace shi ne wutar lantarki da makamashin tanderu, don haka matakin farko, wato busarwa da niƙa da sheƙa, shi ne wanda hannu zai iya kaiwa a kusa.

Wannan mataki na farko kuwa ya isa a yi maganin ƙwarin hatsi da shi. Garin dayatomait na asali, idan aka gauraya shi da busasshen hatsi, yakan manne a jikin ƙwaro ya tsotse maiƙon da ke rufe fatarsa, sai ruwan jikinsa ya ƙafe ya mutu. Ba guba ba ne, ƙishirwa ce ke kashe ƙwaron, shi ya sa ya fi aiki a busasshen yanayi irin namu, yake kuma raguwa da ƙarfi inda laima ta yi yawa. An gwada wannan dabara a rumbunan ƙananan manoma a Zimbabuwe da Tanzaniya, kuma a nan gida masu bincike sun gwada samfurin Bularafa da na Abakire a kan ƙwarin alkama, aka buga sakamakon a 2014. Cibiyar binciken adana amfanin gona da ke Ilori, wato NSPRI, ta fitar da garin kare hatsi mai suna NSPRIDUST daga dayatomait na ƙasar nan.

Muhimmancin wannan ga cinikin ƙetare ba ƙarami ba ne. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an samu ragowar maganin ƙwari mai guba a cikinsa fiye da kima, irin wanda wasu ƴan kasuwa ke zubawa a buhu domin ajiya. Jihar da ke noma wake da riɗi da gero kamar tamu tana iya cin ribar dayatomait ta wannan hanya, wato ya tsare amfanin gonar da za a fitar, fiye da ribar da za ta samu idan shi kansa aka loda a mota. Sai dai a kiyaye: wanda aka gasa domin tacewa ba a zuba shi a hatsi, kuma ba daidai ba ne mutum ya ɗebo farar ƙasa daga rami ya zuba a rumbu ba tare da an gwada ta ba. A nemi wanda aka sarrafa domin wannan aiki, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, a kuma tuntuɓi malamin gona.

Lafiyar masu aiki

Ƙurar ɗanyen dayatomait tana sa tari da ƙaiƙayin ido da bushewar fata, amma babban haɗarin yana ga gasasshe. Zafin tanderu yakan mayar da wani kaso na silikar zuwa nau'i mai kaifi, wanda idan aka daɗe ana shaƙa yake taurara huhu, cutar da ba ta da magani, kuma tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya irin wannan ƙura cikin abubuwan da ke haddasa dajin huhu. Shi ma ɗanyen, in yana gauraye da yashi, niƙa shi na tayar da irin wannan ƙura. Don haka tilas ne masu aiki su sa abin rufe hanci na ainihi, ba ƙyalle ko rawani ba, a riƙa yayyafa ruwa a hanyoyin mahaƙa, kuma kada a kai aikin niƙa cikin gida ko a injin niƙan hatsi na gari. Dayatomait ba dalma ba ne, amma abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gidaje, ya isa ya sa kowane bulama ya hana a shigo da aikin ma'adini inda mata da yara suke. Ramukan da aka bari a buɗe kuma sukan cika da ruwa da damina su zama tarko ga yara da dabbobi.

Abin da doka ta tanada

Bisa sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Gwamnatin jiha ba ta ba da lasisin haƙa, haka ƙaramar hukuma, haka hakimi. Ofishin rajistar filayen haƙa da ke Abuja ne kaɗai ke bayarwa, ƙarƙashin Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai. Lasisin bincike na shekara uku ne ana sabuntawa, kuma bai ba mai shi ikon haƙa don sayarwa ba. Lasisin ƙananan masu haƙa na shekara biyar ne, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 3, kuma ƙungiyar gama-kai ta ƴan gari na iya nemansa. Babban lasisi kuwa yana kaiwa shekara 25.

Wannan ba yana nufin mai gona ba shi da ta cewa ba. Dokar ta buƙaci a nemi yardar mai fili ko wanda ke zaune a kai kafin a ba da lasisi, ta wajabta biyan kuɗin hayar fili da diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, wadda ake sake dubawa duk bayan shekara biyar. A cikinta ne ake rubuta batun ɗaukar ƴan gari aiki, da ruwan sha, da hanya, da makaranta. Takardar yarda ita ce babban abin da ke hannun jama'a, kuma sau ɗaya ake sa mata hannu. Yankin Gulani da Gujba ya sha wahalar rikici a shekarun 2014 da 2015, mutane da yawa sun yi gudun hijira, wasu iyakokin gonaki sun rikice. Saboda haka ya zama dole a tabbatar da ainihin masu fili, har da magada da waɗanda ba su dawo ba, kafin wani ya sa hannu da sunan kowa. Dokar ta kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, wanda ake kira MIREMCO, kuma akwai jami'in ma'adinai na Tarayya a jiha. Nan ne ake kai ƙorafi ko a tantance lasisin da baƙo ya nuna.

Shi kuma mai niyyar fitarwa waje, sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wato NEPC, ya mallaki lasisin haƙa ko na saye da riƙe ma'adinai, ya biya harajin ma'adini, ya karɓi izinin fitarwa daga ma'aikatar, ya cika fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, a duba kayan kafin lodi, sannan ya dawo da kuɗin cinikin ta banki cikin kwana 180. Duk wanda ya zo gari yana cewa shi wakilin Turawa ne amma ba ya iya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, ko ya nemi a tara masa kuɗin rajista kafin ya kawo masu saye, a kai rahotonsa ga sakatariyar ƙaramar hukuma.

Idan an ga farar ƙasa a gona ko a bakin rafi

Ba kowace farar ƙasa ce dayatomait ba, kuma a yankinmu an fi yawan rikita shi da farin yumɓu da dutsen siminti. Farin yumɓu idan ya jiƙa yana santsi yana mulmuluwa, shi kuwa dayatomait yana da ɗan kaushi kuma ba ya mulmuluwa sosai. Dutsen siminti yana da nauyi, yana kuma kumfa idan aka ɗiga masa ruwa mai tsami, dayatomait ba ya yi. Waɗannan alamu ne kawai, madubin ɗakin gwaji ne ke yanke hukunci. Idan za a ɗauki samfur, kada a tsinci mafi fari daga sama kawai, domin yin haka yaudarar kai ne. A ɗebo daga wurare daban-daban da zurfi daban-daban, kowane a ledarsa mai tsabta, a rubuta sunan wurin da zurfin da ranar. A miƙa ta hannun sashen ayyukan gona da albarkatun ƙasa na ƙaramar hukuma, domin a aika wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda ke da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, ko Majalisar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kayayyaki, wato RMRDC, wadda ke da ofishi a jihohi. A ajiye rabin kowane samfur a hannun lawani ko sakataren ƙungiya, tare da kwafin sakamakon gwajin idan ya dawo.